Zoben Haske da Bakin Hayatu

Ranar Talata da safe, ko kofin shayina ban kai baki ba, Inna ta ɗaga labulen ɗakina ta ce wata mata tana tsakar gida tana nemana. Na yafa mayafi na fito. Dattijuwa ce, ban taɓa ganinta ba, wai tun daga unguwar Rumde Ajiya ta hau moto, wato babur ɗin haya, ta taho unguwarmu Hausare. Tana ganina ta zame daga kan kujera ta durƙusa, ta gaishe ni kamar wata babbar malama. Ta ce tunkiyarta ce ta ɓace yau kwana huɗu, kuma da ciki.

"Allah ya bayyana ta, Mama," na ce. "To ni me zan yi?"

"Haba 'yata, kar ki ɓoye min. A rediyo na ji. An ce ke ce mai ganin abin da ba a gani."

Na dubi Inna, Inna ta dubi tukunya. Jama'a, a nan na san Hayatu ya gama da ni.

Bari in koma baya kaɗan, don na san wasunku yau suka fara bin labarina. Sunana Haula, shekaruna ashirin da bakwai, ina shekara ta uku a karatun dokta a fannin fizik. Makarantata tana Yawunde, amma aikin duk a kwamfuta yake, don haka tun watan Maris na dawo gida Garuwa ina yi daga ɗakina, ni da fanka da zafin da ya fi na bakin murhu. Mu tara ne a ƙungiyar bincikenmu, a ƙasashe huɗu, shugabarmu Madam Berthe. Shi kuma Hayatu shi ne wanda zan aura in Allah ya yarda, in kuma ban shaƙe shi kafin ranar ba. Ɗan gidan dillalan shanu ne, yana da shagon nama mai firiza uku a babbar kasuwa. Dogo, mai fara'a, hannunsa a sake. Yana jin harshe huɗu, kuma babu ko ɗaya da ya iya yin shiru a cikinsa. Ba wanda ya haɗa ni da shi, ni na gani na ce ina so, shi ya sa yanzu ba ni da wanda zan kai wa ƙara. Asabar ɗin makon nan ne manyansa za su zo a sa rana.

Abin ya samo asali ne ranar Lahadi da la'asar da ya zo zance. Na sa doguwar rigata ruwan zuma, na ɗaura ɗankwali, ga sabon lalle da Sadiya ƙawata ta zana min har gwiwar hannu. Aka shimfiɗa mana darduma a baranda, na kawo masa folere, wato zoɓo, mai sanyi a kofin gilashi. Kuskurena ɗaya, na fito da kwamfutata, don akwai lissafin da ke tafiya ina so in riƙa leƙawa.

"Ke kullum kina kallon zoben nan," ya ce. "Ni har na fara kishi. Yau sai kin faɗa min mene ne."

Na ce ya shanye folerensa. Ya shanye. Na ɗiga ɗigon biro a kan farar takarda, na ɗora gindin kofin a kai, na ce ya leƙa ta ciki yana ɗagawa a hankali.

"Kai! Ɗigon ya zama zobe."

"To haka ake yi a sama. Akwai wani gari guda na taurari can nesa, galaksi muke ce masa. Akwai wani kuma a gabansa, tsakaninmu da shi. Nauyin na gaba yana lanƙwasa hasken na baya, sai ya iso mana a matsayin zobe. Amma yawancin nauyin nan ba na taurari ba ne. Wani abu ne da ba ya haske, ba ya tare haske, ba wanda ya taɓa ganinsa. Da Faransanci baƙin abu ake ce masa, ni na fi son in ce ɓoyayyen nauyi."

"To ke me kike nema a ciki?"

"Lissafi ya ce abin ba sumul yake ba, yana da gudaji kamar kunun da ba a dama da kyau ba. In gudaji ɗaya ya faɗo kusa da zoben, sai ya ɗan lotsa shi. Lotsawar nake nema. In muka san yawan gudajin da girmansu, za mu fara sanin da me aka yi abin."

Ya yi shiru na daƙiƙa biyar, wanda a wurin Hayatu azumi ne. Sannan ya ce, "Wato kamar yadda nake dafa bayan bijimi in san kitsen da ke cikinsa ban yanka ba."

Ku faɗa min gaskiya, wace ce za ta ji wannan zuciyarta ba ta narke ba? Malamai nawa na yi wa bayanin nan suka yi ta hamma? Daɗi ya ɗebe ni, na juyo masa da allon, na nuna masa gefen zoben na hagu inda kwamfuta ta sa jan ɗigo. Na ce wata goma sha huɗu ina bin wannan wurin, kuma ina jin na samu ɗaya.

"Amma Hayatu, ba mu tabbatar ba. Kuma na sa hannu a takarda cewa ba zan fitar da komai ba sai mun wallafa. Ko Inna ba ta sani ba."

"Ni? Haba Haula. Wa zan faɗa wa?" Ya zaro waya. "Tsaya haka, lallen nan ya yi kyau, bari in ɗauke ki."

Na gyara ɗankwali har da murmushi. Ni da kaina na yi murmushi.

Washegari da na kunna waya, saƙo ɗari da goma sha ɗaya. Na farko na Sadiya ne: "Amarya, ashe haka kike ba labari? Duba sitatus ɗin angonki." Na duba. Ga ni nan da lallena, ga allon kwamfuta a gefena, ga zobe, ga jan ɗigo. A ƙasa ya rubuta: "Matata in sha Allah. Ta gano baƙin abu a sama wanda Turawa suka shekara suna nema. Garuwa ta ci!" Sai tutar ƙasa guda shida da hoton bijimi. Me ya kawo bijimi cikin maganar, har yau ban sani ba.

Na kira shi sau tara, yana kasuwar shanu, ba ya ɗagawa. Kafin azahar hoton ya shiga gurup ɗin tsofaffin 'yan lise ɗinmu, wato sakandare, da na matan unguwa, da na mahauta. Kafin la'asar wani abokinsa mai shirin gaishe-gaishe a rediyo ya karanta, ya kuma fassara da Fillanci yadda ya ga dama. A bakinsa baƙin abu ya koma baƙar halitta. Daga nan ne mai tunkiya ta samo ni.

Ina raka ta ƙofa da haƙuri wayata ta yi ƙara. Madam Berthe. Na shige ɗaki na rufe.

Ita ba ta ɗaga murya. Da ma tana ɗagawa da na fi samun sauƙi.

"Haula, wani tsohon ɗalibina da ke koyarwa a Marwa ya turo min hoto. Ya ce in taya shi murna, 'yar arewa ta yi abin kirki. Kin san hoton?"

"Madam, ba ni na sa ba. Wanda zan aura ne, ban san..."

"Allon naki ne?"

"Nawa ne."

"To ke kika sa."

Na zauna a bakin gado. Ta ce hotunan na'urar hangen nesa da muke aiki da su a buɗe suke, kowa a duniya yana iya saukewa. Abin da muke da shi wanda wasu ba su da shi abu ɗaya ne: mun san wane zobe za a duba, mun san wane gefe. Akwai ƙungiyoyi biyu masu kwamfutocin da suka fi namu sau goma, in suka ji, cikin mako uku za su riga mu. Ta ce kuma na fi kowa sanin akwai gwajin da ba mu yi ba. In galaksin gaba ba daidai siffar ƙwai yake ba, in yana da 'yar kusurwa, shi kaɗai yana iya lotsa zoben, ba tare da wani gudaji ba. An sha yin wannan kuskuren.

"Ki ce duk Garuwa tana murnar abin da wataƙila babu shi," in ji ta. "Sa'arki ɗaya, hoton ya bi wayoyi da yawa ya dushe. Na ƙara girmansa, sunan zoben da ke kusurwar allo ba ya karantuwa. Na rufe mabuɗinki na babbar kwamfuta. Ranar Alhamis zan zauna da sauran, mu ga ko za ki ci gaba da wannan aikin ko a ba abokiyar aikinki Nadège."

Wata goma sha huɗu, jama'a. Biki nawa na ƙi zuwa, har ana cewa ina da girman kai.

Ban tsaya kuka ba. Na zura hijabi, na tare moto, na ce babbar kasuwa. Na same shi a shago da farar rigar aiki, yana yi wa wata mata bayanin bambancin naman cinya da na kafaɗa. Yana ganina ya buɗe hannu.

"Ga ta nan! Hajiya, kin ga wadda nake ba ki labari..."

"Hayatu, zo."

Muka koma bayan firiza. Na faɗa masa komai, ban rage ba. Fuskarsa ta riƙa sauka a hankali.

"Wallahi ban faɗa wa kowa ba," ya ce. "Sitatus kawai na sa."

"Mutum nawa ke ganin sitatus ɗinka?"

"Ba su da yawa. Dubu da wani abu."

"Na ce maka sirri ne ko ban ce ba?"

"Kin ce. Amma Haula, ki gane, kullum ana ce min me za ka yi da mai dogon karatu, ba ta san komai ba sai boko. Baffana, Bappa Abdulhalim, har cewa ya yi karatun da ba ya ƙarewa ba karatu ba ne. Na so su gani ne."

Wannan ta ɗan taɓa ni, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma na tuna muryar Madam, sai na daure fuska.

"Ka goge. Kuma don girman Allah kar ka sake yin komai. Kar ka gyara, kar ka yi bayani, kar ka ba kowa haƙuri. Ka yi shiru kawai. Za ka iya?"

"Zan iya." Ya goge a gabana. "In sa a gasa miki hanta?"

Na juya na fita.

Laraba sai ga Goggo Rabi'atu, yayar Baba, cikin leshi shuɗi da sarƙa har biyu, turarenta ya riga ta shigowa. Ba ta zauna ba ta fara.

"Dela," ta ce wa Inna, "kina cikin gidan nan yarinya ta fara duba ba ki sani ba?"

"Wane irin duba kuma, Yaya?"

"Hajja uwar yaron ta aiko min. Ta ce a tambaya da hankali, yarinyar nan iskoki gare ta ko koya ta yi? Ta ce su gidansu ba su saba da wannan ba. Jiya a gidan suna, mata uku suka tambaye ni ko tana karɓar masu matsalar haihuwa."

Na fito daga ɗaki na gaishe ta. Na ce, "Goggo, lissafi ne. Taurari ne."

"Taurari! Ai shi ke nan, kin faɗa da bakinki. Masu duba da me suke yi?"

"Ba irin wannan ba, Goggo. Hoto ne na'ura take ɗauka..."

"Hoton abin da ba a gani?"

"Ba a ganinsa, amma ana ganin abin da yake yi."

Ta juya ta dubi Inna, ta tafa hannu. "Kin ji ko? To aljani fa, yaya yake?"

Wallahi shekara takwas ina jami'a, Goggo ta kayar da ni a tsaye. Ta ce gobe a kai ni wurin malam a yi min addu'a tun kafin Asabar. Inna ta ce addu'a ba ta ɓaci, amma 'yarta lafiyarta ƙalau. Suka yi ta yi. Baba yana zaure yana jin su. Shekara talatin ya yi a kamfanin auduga yana tantance ingancin kaɗa kafin ya yi ritaya, kuma a gida maganarsa ba ta fi ta awo ba.

Na ɗauka an kai ƙarshe. Ashe Hayatu yana can yana tunani, kuma tunanin Hayatu ya fi maganarsa haɗari.

Alhamis da hantsi Sadiya ta turo min saƙon murya mai minti huɗu, ta rubuta a ƙasa: "Ki zauna kafin ki saurara." Na kunna. Muryarsa ce, a nutse, kamar mai sanarwar rasuwa. Da Hausa ya fara, ya maimaita da Fillanci, ya rufe da Faransanci.

"Jama'a, ni ne Hayatu mai nama. Maganar da na sa a kan Haula, ƙarya na yi. Ba ta gano komai ba. Babu wani baƙin abu. Hoton ma zanen kwamfuta ne kawai. Ita ba ta duba, ba ta ganin komai, ba ta san komai ba. Don Allah a bar ta ta huta. A tura wa kowa."

A tura wa kowa! Aka kuwa tura.

Na kira shi nan take. "Me na ce maka ranar Talata?"

"Kin ce in yi shiru. Amma na ji abin da Hajja ta aika, raina ya ɓaci. Yanzu ai na wanke ki."

"Ka ce ban san komai ba!"

"A kan duba nake nufi."

"Ka faɗi haka?"

Ya ce, "A na Faransancin ina jin na faɗa."

Kafin azahar labari ya juya. Jiya ni boka ce, yau ni ce wadda ta shekara uku a ɗaki tana zane. A gurup ɗin lise wani ya rubuta, "Dokta ta sitatus." Malamin da ya koya min fizik a aji na ƙarshe, wanda ranar Litinin ya rubuto min cewa ya yi hawaye don murna, ya sake rubutowa: "'Yata, gaskiya ita ce jarin mai bincike." Wannan ce ta sa ni kuka. Na kife a kan katifa na yi mai isata, fanka tana juya min iska mai zafi.

Da yamma Madam Berthe ta rubuto. Gajere ne. Sun zauna, mutum biyar sun ce in ci gaba, uku sun ce a'a. Ta buɗe min mabuɗi. Ni da Nadège za mu yi gwajin kusurwar, kowa da nata lissafin, ba tare da mun ga na juna ba. In lotsawar ta ɓace, shi ke nan, mun huta. In ta tsaya, za mu rubuta cikin wata uku. "Kuma Haula, daga yau ko mahaifiyarki ta tambaye ki, ba ki da amsa. In na sake jin kalma ɗaya a waje, ba sai mun zauna ba."

Na saki lissafin. Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya kammala. Na daɗe ina kallon sunan fayil ɗin ban buɗe ba. Na yi bisimilla na danna.

Ta tsaya.

Ƙarfinta ya ragu, kusurwar ta cinye wani abu, amma abin da ya rage ya haye layin da muka gindaya, da sauran sarari. Minti ashirin sai ga saƙon Nadège, lambarta kusan tawa. Ta rubuta, "Yana nan, 'yar'uwa. Gudajinki yana nan." Wani dunƙule mai nauyin rana miliyan dubu, babu tauraro ko ɗaya da muke gani a cikinsa, yana can tun kafin a haifi kakan kakana, kuma a duk duniya mu uku muka san da shi, ni da Nadège da Madam.

Na tura fuskata cikin matashi na yi ihu. Na tashi na yi rawa ba kiɗa. Inna ta ɗaga labule da tsintsiya a hannu.

"Lafiya?"

"Lafiya, Inna. Ƙafata ce ta yi sanyi."

Ta daɗe tana kallona. Na san abin da take tunani: ko dai Goggo tana da gaskiya.

Ku duba min wannan hali. Gari duka ya yarda ban gano komai ba, da shaidar wanda zan aura, cikin harshe uku. Ni kuma na gano, kuma ba ni da bakin faɗa.

Asabar gidanmu ya cika da ƙamshin soyayyen kaji da cincin. Inna ta sa na saka atamfata kore mai zanen ganye, Sadiya ta ɗaura min ɗankwali ya tsaya kamar jirgi. Ƙarfe huɗu manyan Hayatu suka iso, su biyar, Bappa Abdulhalim a gaba da babbar riga fara. Suka zauna a zaure. Ba a fi minti ashirin ba Baba ya shigo cikin gida, ya wuce ɗakinsa, ya ce a kira ni.

Na durƙusa a bakin ƙofa. Ya ce in shigo in zauna.

"Baffan yaron ya ce kafin a yi maganar rana, suna so su san gaskiya. Ɗansu ya faɗi magana biyu. Wacce ce?"

"Baba, ba na duba. Wannan kam ka sani."

"Na sani, na kuma faɗa musu. Ba ita nake tambaya ba. Kin gano ko ba ki gano ba?"

Na sunkuyar da kai. "Ba zan iya faɗa ba."

"Ko ni?"

"Ko kai, Baba. Ka yafe min."

Na jira faɗa. Sai na ji ya yi wata 'yar dariya ta hanci.

"Da ina aiki," ya ce, "in na auna kaɗar mutum, ko ɗan'uwana ne, ba ya jin sakamako a bakina sai takarda ta fito. Goggonki ta yi shekara biyu ba ta gaishe ni da kyau ba saboda kaɗar mijinta." Ya gyara hularsa. "Wannan na gane. Saura ɗaya. Yaron fa? Kina sonsa har yanzu?"

"Ina sonsa. Amma Baba, ina jin tsoron bakinsa. Aikina duk irin wannan ne. In na aure shi a haka, ko dai in riƙa ɓoye masa komai, ko in rasa aikin. Ba na son ko ɗaya."

"To me kike so in ce musu?"

Ban shirya amsar ba, ita ta fito da kanta. "A ce su dawo bayan wata uku. In ya iya wata uku bai ambaci aikina ga kowa ba, ko da alheri, a sa rana."

"Za su ji haushi."

"Na sani."

Ya tashi ya fita. Sadiya da ta laɓe a bayan taga ta ce da Baba ya faɗa, Bappa Abdulhalim ya miƙe ya kaɗe riga, ya ce su ba a taɓa ba su jarrabawa a gidan mutane ba. Ko kajin ba su taɓa ba. Goggo ta ce na zubar mata da mutunci, ta tafi ba sallama. Inna ta zauna a gaban tire huɗu na abinci ta rafka tagumi. Shi kuma gogan, ko saƙo ɗaya. Na duba waya ta fi sau hamsin. Mutumin da ke turo min saƙo goma kafin karin kumallo.

Lahadi da safe ina wanke tirukan jiya aka yi sallama. Hajja ce, mahaifiyar Hayatu, da kanta, ita kaɗai. Gajeriyar mace ce mai farin gilashi, ba ta taɓa taka gidanmu ba. Inna ta rikice, ta shimfiɗa darduma, ta kawo ruwa. Hajja ta ce ba zama ta zo yi ba, a kira mata Haula.

Na durƙusa har ƙasa. Ta dube ni ta saman gilashi.

"Shekara talatin da ɗaya ina neman wanda zai rufe bakin yaron nan," ta ce. "Ubansa ya gwada, malamansa sun gwada. Jiya tun da baffansa ya dawo bai ce komai ba. Har na taɓa goshinsa." Ta buɗe jaka ta ciro wani abu a naɗe cikin hankici. "Ya ce in kawo miki. Wai ki riƙe har wata ukun, shi ya sayi ƙarama mai maɓalli don 'yan kasuwa. Ya cire mabuɗin, ya ce ki duba duk abin da kike so."

Wayarsa ce. Wayar da ko alwala zai yi sai ya ɗora ta inda zai riƙa ganinta.

"Maganar duba kuma, ni na aika, na yi kuskure," in ji Hajja. "Baffansa ki bar ni da shi."

Na raka ta har ta hau moto, na dawo ɗaki ina murmushi kamar wata sakarya. Na ce a raina, Haula, kin cika tsanani, bawan Allah ya tuba. Na buɗe wayar don in goge ainihin hoton daga cikinta, shi ke nan niyyata, Allah ne shaida. Hotuna uku ne ashe, ba ɗaya ba, kuma tar suke. A na biyun, sunan zoben yana kusurwar allo, harafi da lamba, ko makaho ya karanta.

Na shiga Wasap in tabbatar ba su rage a wani wuri ba. A ƙasan saƙonnin mahauta da dillalai, na ga wata lambar ƙasar waje. Ranar Litinin, ƙarfe biyu da kwata na rana, kwana guda kafin in je kasuwa in same shi. Da Faransanci mai ladabi:

"Ɗan'uwa, barka. Ni ɗan ƙasa ne, masanin taurari a Turai. Na ga hoton amaryarka, na yi alfahari ƙwarai. Wanda ke yawo ya dushe. Ka turo min na ainihi, in nuna wa abokan aikina abin da 'yan gida suke yi."

Hayatu ya amsa da, "Da daɗi, babban yaya!" Ya tura duka ukun, a matsayin fayil, don kar su dushe. Ya bi da hoton bijimi.

Na taɓa hoton mai lambar. Na san fuskar. Dokta Parfait ne, wanda ya bar ƙungiyarmu bara bayan sun saɓa da Madam, ya koma ɗaya daga cikin ƙungiyoyin nan biyu masu manyan kwamfutoci. Kwana shida kenan hotunan suna hannunsa.

Na zauna a ƙasa, waya a kowane hannu. Ba wanda ya san na gani. In na yi shiru, ko da sun riga mu, za a ce sa'a ce suka yi, ni kuma ina nan a ƙungiya. In na faɗa, Madam za ta iya sa mu rubuta cikin kwana goma maimakon wata uku, wataƙila mu tsira da aikin. Amma ta riga ta ce kalma ɗaya, ba sai an zauna ba.

Inna tana kirana daga tsakar gida in zo in ɗauraye sauran tirukan. Na ce ina zuwa. Na ajiye wayar Hayatu a kan gado, na nemo lambar Madam a tawa, na danna kafin zuciyata ta ba ni wata shawara.

Ta yi ƙara sau biyu.

"Alo, Haula? Yau Lahadi fa. Me ya faru?"

"Madam," na ce, "ki zauna tukuna."